Ruwan Wankin Inna

A duniyar da muke zaune ba a wanke rigar fita. Wannan ita ce dokar, sauran duk cikon takarda ne. Za a iya yafe maka makara, za a iya yafe maka barin tukunya a wuta, amma rigar da kake sawa ka fita bayan katanga, ko yayyafi ba a so ya taɓa ta. Allah kuma Ya taimake mu, ba a ruwan sama a nan.

Dalilin shi ne masu shara. Haka muke kiran halittun da muka tarar a wurin, domin dogon sunan da masana suka ba su ba wanda ya riƙe. Girmansu ya kai na tunkiya, sai dai a baje suke kamar faranti, ba ido ba kunne, ƙafafu ne birjik a ƙasa da wani harshe mai kaushi. Aikinsu ɗaya ne: duk abin da ba na duniyarsu ba sai sun lashe shi tas. Ƙarfe, roba, mutum, duk ɗaya. Ba mugunta ba ce, ni dai ban taɓa ganin fushi a tattare da su ba. Tsabta ce kawai ta yi musu yawa. In sun gama share wuri sai su bar wani baƙin maiƙo a kan duwatsu, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da man inji, alamar an gama da nan. Shi muke kankarowa mu shafa wa rigunanmu. Mai shara ya zo ya shinshina, ya ji maiƙo, ya wuce abinsa.

Matsalar ita ce sabon maiƙo ba ya wuce awa guda, sai ya bushe ya kakkaɓe. Sai an yi wata uku ana shafa wa riga kullum ana ratayewa kafin ya kama ta, mu ce ta nuna. Rigar maigidana shekara tara tana shan maiƙo. Ta nuna har ta gaji da nuna, in ka jingine ta a bango tsayawa take da kanta. Kowa a gidansa yake ajiye tasa, a wani ɗan lungu mai murfi bayan ƙofa, domin a kan wannan ba wanda ya yarda da wani.

Mai Famfo ake ce wa maigidana, saboda shi kaɗai ne makanikin famfon rijiyar da sansanin nan kaf yake sha. Dogo ne, mai haƙuri, irin haƙurin da ke sa mutum ya ji kamar ya jefe shi da cokali. Ni kuma a ɗakin rediyo nake aiki. Ina zaune gaban alluna ina kallon waɗanda suka fita, ina gaya musu ta ina masu shara suke tahowa.

Mahaifiyarsa, Inna, ta iso a jirgin da ya sauka bana, bayan ta yi shekara shida tana barci a akwatin sanyi. Kilo ɗaya aka yarda wa kowane fasinja na kayan kansa. Wasu sun zo da hotuna, wasu da irin shuka. Inna da sabulu ta zo, guda uku, irin wanda ta yi wa ɗanta wanka da shi yana jariri. Yanzu shekararsa arba'in da huɗu, kuma har yau yaron nan take ce masa.

Akwai bayanin da ake yi wa baƙi ranar da suka sauka, awa biyu cur, da hotuna, kuma maganar riga tana ciki. Inna ta ce duk barcin da ta yi a jirgi bai kai na wannan zauren daɗi ba. Na ce wa Mai Famfo ya zaunar da ita ya yi mata bayani da kansa. Ya ce gobe. Goben ta zo, ya ce ai ba ta huta ba tukuna. Mutumin da yake shiga tsakiyar masu shara kullum safiya ya kasa buɗe baki ya gaya wa uwarsa cewa ƙazanta yake shafawa a jiki don ya rayu. Iyakar abin da ya iya ce mata shi ne kayan aiki ne, a bar su yadda suke. Ita kuwa abin da ta ji shi ne yana rufa wa matarsa asiri.

Ban ce ta taɓa kira na ƙazama a gabana ba. Buta take gaya wa. Sai ta ɗora ruwan shayi ta tsaya a kansa tana ba butar labarin yadda mata suke kula da mazajensu a zamaninsu, ni kuma ina zaune taku uku daga wurin. Ranar farko ta bi kantoci da yatsa. Rana ta biyu ta sake wanke kwanukan da na wanke. Sannan ga maganar ruwa: Inna ba ta zubar da ruwa. Na wanki ya koma na goge ƙasa, na goge ƙasa ya koma na banɗaki, wanda bai samu aiki ba tukuna a ɗura shi a jarka a tura ƙarƙashin gado. Na yi mata bayani har sau uku cewa duk ruwan da aka zuba a rariya inji yana tace shi ya dawo. Ta ce ita ba ta san injin ba, shi ma bai san ta ba. Cikin mako uku ƙarƙashin gadonta ya cika da jarkoki.

Wata rana na dawo daga aiki kaina kamar ya rabe biyu, na same ta ta buɗe lungun riguna ta toshe hanci da gefen mayafi. Ba ta juyo ba. Ta ɗaga murya yadda butar za ta ji daga kicin, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda mace da hannuwanta biyu take barin miji ya shiga mutane da wannan abin ba.

Na ce, “Inna, in ta dame ki, ai ga ruwa ga bokiti.”

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na san abin da na faɗa, na kuma san ba ta san dalili ba. Har na miƙe zan fito in yi mata bayani, sai na ce bari in huce tukuna, kuma ai ɗanta yana da baki. Na huce, na yi barci, na manta.

Washegari ranar hutun Mai Famfo ce. Ya tafi zauren taro kallon ƙwallo, wasan da aka buga shekara shida da suka wuce wanda jirgin Inna ya kawo, suna can suna ta gardama a kan wa zai ci. Ni ina wurin aiki. Inna ta samu gida ita kaɗai tun safe har la'asar. Da muka dawo gidan yana ƙamshi, na ɗauka ƙasa ta sake gogewa. Ba wanda ya buɗe lungu.

Da safe na riga kowa fita. Ranar duk ma'aikata suka ɗunguma zuwa ramin ma'adini na nesa da motocin duka, tafiyar awa uku. Wajen ƙarfe tara famfon rijiya ya tsaya. Ruwan da ke tanki ba zai kai yamma ba, ga asibiti. Ni na buga waya gida na ce Mai Famfo ya fito.

Abin da ya faru a gidan daga baya na ji. Ya buɗe lungu ya ga tawa kaɗai. Yana juyowa sai ga Inna ta fito daga ɗakinta da rigar a ninke a kan hannuwanta biyu, fara sol. Ya ce min shi wallahi ya manta ma fara ce. Ya kalli rigar, ya kalli yatsunta duk sun saɓule, ya kalli fuskarta tana jira. Tawa ba za ta shige shi ba, ko gwiwarsa ba za ta rufe ba.

Ya ce, “Na gode, Inna. Ta yi kyau.”

Ta ce Allah Ya yi masa albarka, ta gyara masa wuyan.

Mai ƙofa wani tsoho ne mai ƙafa ɗaya, masu shara ne suka rage masa ɗayar tun farkon zuwa. Da ya ga farar riga ta doso shi sai da ya nemi wurin zama. Ya zazzage Mai Famfo tas, sannan suka yi shawara irin ta maza: aikin bai wuce na rabin awa ba, tafiya minti ashirin, in aka lafta masa duk sabon maiƙon da aka tara a bahon bakin ƙofa zai je ya kusa dawowa. Suka kwashe bahon har ƙasa. Suka kuma yarda kada a gaya min, wai don kar hankalina ya tashi.

A allo na ga baƙin mutum ya fita kamar kullum. Ya isa rijiya, ya durƙusa, ya buɗe akwatin kayan aiki. Wani noti ya ƙi kwancewa. Ya ce min minti biyar. Muka yi minti biyar ɗin nan sau huɗu. Can na ga masu shara uku da ke ta harkarsu a gindin dutse sun tsaya cak, sun juyo wajensa. Na ce masa ga baƙi nan, ya ce ya gani. Sai na hango wani fari a kafaɗarsa. Na sa hannun rigata na goge allon. Farin yana nan, ya ma ƙaru.

Na ce, “Mai Famfo, mene ne wannan a kafaɗarka?”

“Kafaɗa ce.”

“Ina tambayarka.”

Ina jin numfashinsa a rediyo. Sannan ya ce, “Inna ce ta ɗan wanke min rigar.”

Ya ƙara da cewa famfon dai ya tashi, in duba ma'auni zan gani. Na duba, ya tashi. Ban taɓa jin haushin wani ma'auni kamar na ranar ba.

Kowa a nan ya san ƙa'ida. In ka gudu, ƙasa ce take gaya musu, sai su taso gaba ɗaya, kuma sun fi ka sauri. In ka tsaya cik, a hankali suke aiki, daga ƙasa suke farawa su yi sama. Takalmin fita yana ɗaukar minti arba'in, wani lokacin hamsin, kafin su kai ga abin da ke ciki. Na ce masa ya miƙe ya tsaya. Ya ce ai tuni.

Na kira ramin ma'adini, suka ce ko yanzu suka taso awa uku ce. Na kira mai ƙofa, ya ce baho ba ko ɗigo, kuma duwatsun kusa da katanga an kankare su tun makon jiya. Ya ƙara da abin da na riga na sani: in sun fara lasar mutum sabon maiƙo ba ya juya su, sai tsoho, wanda ya nuna. Tsohon maiƙo kuwa a jikin riguna yake, rigunan kuma duk suna ramin ma'adini a jikin masu su, ban da tawa. Shugaban sansani ya shigo ɗakin rediyo ya ce ya kamata a kira taron gaggawa. Na miƙa masa abin sa wa kunne na ce ya zauna ya yi taron da allo.

Na tafi gida ɗauko rigata ba tare da wata dabara ba. Abin da ke raina shi ne in je in rungume shi, in rufe iya inda jikina zai rufe. Kaina iyakar ƙirjinsa yake. Ko ni na san ba dabara ba ce.

A hanya na shirya wa Inna maganganu, masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Na tura ƙofa na same ta zaune tana shafa wa yatsunta mai. Sai duk maganganun suka gudu. Na tsaya na gaya mata abin da ya kamata mu gaya mata tun mako uku da suka wuce, bai fi jimla huɗu ba: ga masu shara, ga maiƙo, ga abin da riga take yi, ga inda ɗanta yake tsaye yanzu. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

Ta ce, “Yana da rai?”

“Yana da rai.”

“Dattin ne maganin?”

“Shi ne, Inna.”

Ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗakinta. Na ji tana jan jarkoki. Na bi ta da rigata a hannu, na same ta a durƙushe tana ture wannan tana ture wancan, har ta jawo wata shuɗiya daga can ƙurya. Ta buɗe murfin. Warin ya buge ni sai da idona ya kawo ruwa, kuma tun da nake ban taɓa jin abin da ya yi min daɗi kamarsa ba.

Ta ce ruwan wankin rigar ne, ba ta zubar ba. Ta yi niyyar goge bakin ƙofa da shi, sai ta ga ya fi ƙarfin bakin ƙofa, ta ajiye kafin ta san abin da za ta yi da shi. Na tambaye ta ko da sabulu a ciki, domin in akwai, an gama. Ta kalle ni irin kallon da take yi min in na ninke zani a karkace.

“Wa yake sa sabulu a ruwan farko? Jiƙawa na yi, na kankare da cokali. Sabulu sai a ruwa na biyu.”

Shekara tara na maiƙo, a cikin jarka ɗaya, kauri kamar kunu. Ta ƙi bari in ɗauka. Ta naɗa gammo da mayafinta ta ɗora a ka, muka bi dogon baranda ina tafe ina zura riga, mutane suna matsawa jikin bango suna toshe hanci.

A ƙofa ta ce a buɗe mata ita ma. Mai ƙofa ya ce mata, Hajiya, ke da kike ƙamshin sabulu, ko taku goma ba za ki yi ba za su bar shi su dawo kanki. Ta ce to ai shi ke nan, sai yaron ya samu ya gudu. Ta faɗe shi kamar mai cewa za ta leƙa kanti ta dawo. Mai ƙofa ya riƙo hannunta. Ya zaunar da ita a kan kujerarsa, kusa da ɗan rediyon da ke bango, ya zare makullin ya sa a aljihu.

Na shafe jikin jarkar da abin da ke cikinta, na ɗauka, na fita.

Ba a gudu. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a duk ranar. Mijina yana can ana cin takalminsa, ni kuma ina tafe a hankali kamar mai zuwa gaisuwar rasuwa, da jarka a kafaɗa. Tun da ƙafa ba ta da izinin sauri sai na bar wa baki. Na gaya masa shi wane ne, tun daga ranar da ya ce gobe. Na gaya masa ra'ayina a kan mai ƙofa, mai ƙofa yana ji. Mai Famfo dai sai ya ce haka ne, ko ya ce kin yi gaskiya. Na tambaye shi su nawa ne yanzu, ya ce sha ɗaya, amma biyu ne kawai suke aiki, sauran layi suke bi.

Ina tsakiyar hanya muryarsa ta canza. Ya ce takalmin hagun ya huje. Ya ja numfashi ta haƙora, ya ce, “Kar ki gaya wa Inna.”

Sai muryarta ta shigo, kusa sosai, da alama ta manna baki a jikin rediyon.

“Ina ji.”

Ina jin wani sauti ta rediyonsa, irin na goge gindin tukunya.

Ta ce, “Yaron nan. Tsaya cik. Yadda kake tsaya min in ina cuɗa ka. Kar ka motsa sai na ce.”

“To, Inna.”

Daga nan ba ta yi shiru ba har na isa. Ta ba shi labarin maƙwabtan da ya baro, wa ya mutu, wa ya sayar da gida, wa ya yi ƙiba. In ta ji numfashinsa ya yi sama sai ta ce ba ta ce ya motsa ba. Shi kuma ya ce to, Inna. Ni kuka nake a cikin hular gilashi, inda ba dama mutum ya share ido.

Na same shi tsaye kusa da famfo, hannuwa a gefe, fari fat daga ƙugu zuwa sama. Masu shara sun kewaye shi. Na ratsa tsakaninsu, har da ce wa ɗaya gafara, don bakina ya saba. Suka shinshina ƙafafuna suka matsa. Na hau dakalin famfo don in kai tsayinsa, na buɗe jarka, na juye masa tun daga tsakar ka. Na bi hammata da bayan gwiwa da hannu, na tsiyaye sauran a kan ƙafar hagu, inda ban so in kalla ba amma na kalla.

Biyun da ke aiki suka tsaya. Suka ɗaga gaba suka shinshina, suka sake shinshinawa. Ɗayan ya matso ya goga cikinsa a ƙwaurinsa ya bar masa nasa maiƙon, wato an gama da nan. Sannan suka watse, kowa ya kama gabansa.

Na ce wa Inna ta ce masa ya motsa, domin na ga alama in ba ita ta faɗa ba nan zai kwana.

Jini ma baƙon wari ne a wurinsu, don haka na jiƙa tsumman goge inji a ɗan abin da ya rage a gindin jarka na ɗaure ƙafar da shi. Likita ta yi kwana biyu tana yi min faɗa a kan wannan. Muka dawo yana dafe da kaina, a hankali, don har yanzu ba a gudu. Yatsu uku suka tafi da ɗan gefen ƙafar.

An yi taron gaggawar daga baya. Aka ƙara shafi guda a bayanin da ake yi wa baƙi, aka kuma cire kujeru masu laushi daga zauren.

A gida muka yi kwanaki ba mai kallon idon wani. Inna ta daina magana da buta. Wannan shirun ya fi habaicin ciwo, wallahi har na riƙa fatan ta sake wanke kwanukana. Ranar da za a sallamo shi daga asibiti na same ta a kicin, na durƙusa, na ce mata lokacin da na ce ga ruwa ga bokiti na san ba ta san dalili ba, kuma na san ya kamata in fito in faɗa, fushi ne ya hana ni. Ta daɗe tana juya cokali a kofin da ba komai a ciki.

Ta ce, “Na san da fushi kika faɗa. Ni ma da fushi na wanke. So na yi ya ga bambanci.”

Ta ce in tashi, ƙasan da sanyi.

Cikin sabulu ukun wani ɗan siriri ne ya rage, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ranar da aka kwance bandeji ta zuba ruwan ɗumi a roba ta ce ya miƙo ƙafar. Ya ce ai zai iya da kansa, ta ƙi kallonsa ma. Ta ɗora ƙafar a cinyarta ta wanke da ɗan sabulun, a hankali, tana bin ɗinkin. Na ga leɓenta yana motsi. Ta taɓa babban yatsa, ta taɓa na kusa da shi, hannunta ya wuce ya samu wuri ba komai.

Ta ce, “Da biyar na haife ta.”

Ya ce ba komai, Inna, ai takalmi ma zai fi shiga. Ba wanda ya yi dariya. Ta goge ƙafar da gefen zaninta, ta ɗura ruwan a jarka.

Wata ukun da rigar ta yi kafin ta sake nuna, Inna ce ta yi aikin. Kullum da safe tana bakin ƙofa da kwano tana jiran masu kankaro maiƙo, ta karɓi kasonmu, wani lokacin har da na wanda ya makara. Ta dawo ta shimfiɗa rigar a ƙasa ta bi ta da hannu tsirara, ɗinki bayan ɗinki, yadda take cuɗa wanki. An ba ta safar hannu ta ce ba ta jin inda ta tsallake da ita. Gidanmu ya zama gidan da ya fi kowane wari a barandar, maƙwabta suka kai ƙara, ta ce su zo su same ta.

Da ya koma aiki sai aka ce saboda ɗingishin yana bukatar mai riƙe masa akwatin kayan aiki. Na bar ɗakin rediyo na karɓa, domin na gaji da kallonsa a allo. Ranar farko Inna ta raka mu har ƙofa da kwanonta. Ta sa shi ya ɗaga hannuwa, ta juya shi, ta shinshina wuya da hammata, ta ƙara masa a bayan gwiwa, ta durƙusa ta daɗe a kan takalmin hagu. Mai ƙofa ya riga ya sa makulli, na ɗauki akwati zan wuce, sai ta riƙo hannun rigata. Ta kawo hanci kusa da kafaɗata, inda ɗaukar jarka ya goge maiƙon tun ranar nan, ta ɓata fuska.

Ta cika hannu daga kwanon ta ce, “Ke ma juyo. Kin cika tsabta.”